Makulli ya ƙi ƙofa: abin da ya kamata a sani kafin a wanke kwamfuta

Daga Yamai har Damagaram, babu mai gyaran kwamfuta da bai san wannan rana ba: an wanke na'ura, an sake zuba mata Windows, an buga lambobin lasisi, sai na'ura ta ce ba ta san su ba. Ƴan kasuwa da ma'aikata da yawa sun yi hasarar kuɗi da takardu bisa wannan matsala, alhali sau da dama lasisinsu na nan lafiya lau.

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa mai saida siminti da ƙarfen gini a Maraɗi. Ya sayo kwamfutarsa ta hannu, kwance, daga Kano, kuma shekara ukku ke nan duk lissafin shago yana cikinta: faktir na masu kawo kaya, sunayen masu bashi, takardun duwan da na lanho. Wata rana na'ura ta fara nauyi, ta kan ɗauki minti goma kafin ta buɗe. Ya aika yaron shago da ita wajen mai gyara, mai gyara kuwa ya faɗi abin da suka saba faɗi: "Gaya ma Alhaji sai an yi mata formataj." Kafin la'asar an share diski tas, an zuba sabon Windows. Da aka zo wurin lasisi, mai gyara ya kifa na'ura, ya karanto lambobin da ke manne ƙarƙashinta, ya buga. Ta ƙi. Ya sake bugawa, ta sake ƙi. Da magariba aka maido ma Alhaji kayansa da wani ɗan rubutu a kusurwar allo mai cewa "Activer Windows", tare da labarin cewa sai ya ƙara kuɗi an sayo sabon makulli. Sai a lokacin ya tambayi inda littafin bashinsa yake. Babu wanda ya kwafe shi.

Hasara biyu ce ta same shi a yini ɗaya, amma ba girmansu ɗaya ba. Ta lasisi tana da magani, wani lokaci ma ba tare da an kashe ko dala ba. Ta takardu ita ce mai wuyar gyara.

Mene ne wannan makulli?

Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, wadda in babu ita kwamfuta ƙarfe ce kawai da roba. Kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ba ya saida ta kamar yadda ake saida buhun shinkafa. Izinin aiki da ita yake sayarwa, bisa sharuɗɗa, kuma wannan izini shi ne lasisi. Makullin, wanda allon faransanci ke kira "clé de produit", shaida ce ta izinin: haruffa da lambobi 25, an kasa su gida 5, kowane gida da 5.

Tun 2001, lokacin da Windows XP ta fito, kamfanin ya ɗora ma masu saye sharaɗin tabbatar da makulli. Na'ura ta kan aika makullin zuwa ga manyan kwamfutocin kamfanin tare da wata lamba da ke siffanta kayan cikinta, can kuma a duba ko makullin na gaske ne, ko an riga an yi aiki da shi wani wuri. Mai mota zai gane abin nan da nan: kamar kartigiris ce da lambar shasi. Takarda tana iya zama ta gaskiya, mota ma ta gaskiya, amma in lambobinsu ba su dace ba, jandarma ba zai bari a wuce ba.

Wurin da makullin yake zama ya sauya har sau biyu. A zamanin Windows XP da Windows 7, bisa wata ƴar takarda mai ƙyalli yake, manne ga jikin na'ura ko cikin ramin batir. Daga 2012, da zuwan Windows 8, manyan masu ƙera kwamfuta irin su HP, Dell da Lenovo suka koma rubuta shi cikin ƙwaƙwalwar babban faifan na'ura, wanda masu gyara ke kira kartmer, ta yadda ido ba ya ganinsa amma Windows tana karanto shi da kanta. Daga 29 ga Yuli 2015, ranar da Windows 10 ta fito, sai aka shigo da lasisin da babu makulli a hannu sam: kamfanin ne ke riƙe da shaidar na'urar a wajensa, duk ranar da aka sake zuba mata irin Windows ɗin da take da shi, da ta hau intanet sai a gane ta.

Saboda haka na'ura da yawa da ke kasuwa a yau ba su bukatar a buga masu komai. Takardar da ke manne ƙarƙashin wasu tsofaffi tarihi ce kawai.

Lasisi iri ukku

Na farko shi ne wanda ke zuwa tare da na'ura daga masana'anta, ana ce masa OEM. An ɗaure shi ga wannan na'ura ita kaɗai. In an saida ta, ya bi ta. In kartmer ta ƙone, ya mutu tare da ita, ba a cire shi a kai ma wata.

Na biyu shi ne wanda mutum ke saye da kansa, a kwali ko ta intanet. Shi ana iya ɗauke shi daga tsohuwar na'ura a maida ga sabuwa, muddin dai ɗaya ce ke aiki da shi a lokaci guda. Yana da tsada: a 2024 kantin Microsoft na Faransa yana saida Windows 11 Famille yuro 145, Professionnel kuma yuro 259. Da yake yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato kimanin jika 95 da jika 170 ke nan, kuɗin da ya kan kai ko ya wuce na kwamfuta kwance ita kanta.

Na ukku shi ne na sari, wanda bankuna, jami'o'i da manyan ma'aikatu ke saye domin ɗaruruwan na'urorinsu. Shi ma kashi biyu ne. Akwai MAK, makulli ɗaya mai adadin buɗi ƙayyadadde, in adadin ya cika shi ke nan. Akwai KMS, inda kowace na'ura sai ta riƙa komawa ga babbar kwamfutar ma'aikatar tana sabunta izininta, izinin kuwa kwana 180 yake yi. Nan ne masu sayen kwance suke faɗawa rami. Kwamfutocin da ke sauka tashoshin ruwa na Kotonu, Lome da Legas, ko waɗanda ke shigowa ta Dan Isa daga Kano, da yawansu tsofaffin kayan biro ne na Turai da Amurka. In da lasisin KMS suka zo, ko kuma mai sayarwa ya yi masu na jabu irinsa, ranar saye komai lafiya. Bayan wata shidda sai saƙo ya fito cewa lasisi ya kusa ƙarewa. Mai na'ura ya ɗauka lalacewa ta yi, alhali gidan da take komawa neman izini ne babu.

Dalilan da ke sa makulli ya ƙi

Dalili na farko, wanda ya fi kowane sauƙi, kuskuren bugu ne, kuma a Nijar yana da wata fuska ta dabam. Na'urar da ta fito Najeriya ko Dubai madannanta na ingilishi ne, QWERTY, amma akan zuba mata Windows na faransanci mai tsarin AZERTY. Mutum ya danna Q sai A ta fito, ya danna W sai Z ta fito, M kuma ta koma waƙafi, lambobi ma sai an haɗa da madannin manyan haruffa. Abin da zai taimaka a sani shi ne, makullin Windows ba ya ɗauke da A, E, I, O, U, L, S ko Z, haka kuma babu 0, 1 ko 5. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu a abin da ya rubuta, ya san hannu ne ko ido ya kuskure. Bisa tsohuwar takarda da zafi ya cinye, B da 8, G da 6 su ne suka fi ruɗa mai karatu.

Na biyu shi ne saɓanin iri. Makullin Famille ba ya buɗe Professionnel. Masu gyara da yawa irin Professionnel kaɗai suke yawo da shi a aljihu, suna zuba ma kowa, da zaton ya fi daraja. Na'urar da ke da haƙƙin Famille kuwa, in aka zuba mata wancan, sai ta zama baƙuwa a idon kamfanin. Lambar kuskure 0xC004F050 ta kan fito a irin wannan hali.

Na ukku shi ne kwanan wata. Cikin kowace kwamfuta akwai ɗan ƙaramin batir kamar kwabo, galibi mai lamba CR2032, wanda ke riƙe agogo in an kashe na'ura. In ya mutu, agogo ya koma shekarun baya, manyan kwamfutocin kamfanin kuma ba su karɓar magana daga na'urar da kwananta bai dace da na duniya ba. Lambar 0x80072F8F ita ce alamarsa. A gyara kwanan wata da awa, a sauya batir, magana ta ƙare.

Na huɗu ya shafi tsofaffin takardun Windows 7 da 8. A 2015 Microsoft ya ba masu su damar hawa Windows 10 kyauta har shekara ɗaya, zuwa 29 ga Yuli 2016. Wa'adin ya cika amma ƙofar ta zauna buɗe, masu gyara suka yi shekaru suna buɗe Windows 10 da makullin Windows 7. A watan Satumba 2023 aka rufe ta. Mai gyaran da bai ji wannan labari ba zai yi ta buga lambobi na gaskiya har dare, ba za su shiga ba. Amma na'urar da ta riga ta hau kafin rufewar tana nan da shaidarta a wajen kamfanin.

Na biyar shi ne sauyin kartmer. A ƙasar da zafin watan Afrilu da ɗauke-ɗauken kuran ke ƙona kayan lantarki, wannan ba baƙon abu ba ne. Ana iya ƙara ƙwaƙwalwa ko a sauya diski lasisi bai motsa ba, amma in aka sauya kartmer, kamfanin yana ɗaukar na'urar a matsayin sabuwa. Lambar 0xC004F211 ke nuna haka. Tun 2016 akwai hanyar ɗaure lasisi ga asusun Microsoft na mai shi, domin a iya maido shi bayan irin wannan gyara, sai dai tilas ne a ɗaure shi tun na'ura tana da lafiya.

Na shidda shi ne makullin da aka toshe ko aka cinye adadinsa, wato 0xC004C003 da 0xC004C008. Lambar 0xC004F074 kuma tana nufin na'ura tana neman babbar kwamfutar KMS ba ta same ta ba. Waɗannan ukku su ne ke tona asirin inda lasisin ya fito.

Abin yi, daki-daki

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe: Windows 10 ko 11 da ba a tabbatar da lasisinta ba, ba ta mutuwa. Tana buɗewa, ana rubutu, ana buga takarda, babu abin da ke ɓacewa. Rubutun nan na kusurwa ne zai tsaya, a kuma hana mutum sauya hoton allo da launuka. Wannan ba izini ba ne na zama haka har abada, amma yana nufin babu gobarar da za ta sa a yi gaggawa. Mutane da yawa sun sake share diski domin su kori wannan ɗan rubutu, garin gyaran gira suka rasa ido.

Kafin mai gyara ya taɓa komai, a kwafe takardu zuwa wani diski na waje ko ƴar ma'ajiyar nan da ake kira kile USB, kuma mai kaya ya buɗe su da idonsa bisa wata na'ura ya ga suna nan. Bayan an share diski an rubuta sabon abu bisansa, maido da tsohon sai an yi sa'a, a sababbin diski irin SSD kuwa kusan ba ya yiwuwa. A kuma lura da wani makulli na dabam da akan ruɗa da na lasisi: na BitLocker, mai lambobi 48, wanda ke buɗe diskin da aka kulle domin tsaro. Sababbin na'urori da yawa suna kulle diski da kansu, su aje lambobin cikin asusun Microsoft na mai shi. Wanda ya rasa su, ko kamfanin ba ya iya buɗe masa.

Sa'an nan a tambayi na'ura irin lasisinta tun tana buɗewa. Cikin "Paramètres", a sashen "Activation", za a ga ko Famille ce ko Professionnel, da kuma ko tana da "licence numérique". Umarnin slmgr /dli yana nuna ko OEM ne, ko RETAIL, ko VOLUME. Slmgr /xpr kuma yana faɗin ko izinin na dindindin ne ko yana da ranar ƙarewa. Minti biyu ya isa, kuma ya kamata a ɗauki hoton allon da salula a aje. Mai shirin sayen kwance ma haka ya kamata ya yi tun a gaban mai shago, kafin kuɗi su bar aljihu.

Sau da yawa ma ba a bukatar formataj. Windows tana da hanyar sabunta kanta, "Réinitialiser ce PC", da zaɓin "Conserver mes fichiers", wanda ke cire manhajojin da aka zuba amma ya bar takardu, kuma ba ya tambayar makulli.

In dai sai an sake zubi daga tushe, a ɗauko Windows daga shafin Microsoft, inda ake ba da ita kyauta, a sa ta cikin kile USB mai aƙalla giga 8. Da aka iso inda ake neman makulli, a danna "Je n'ai pas de clé de produit", a zaɓi irin da na'ura take da shi tun farko, a ƙarasa, a haɗa ta da intanet. In tana da shaida a wajen kamfanin, da kanta za ta tabbata. Na'urar ɗan kasuwar nan na Maraɗi, in mai ita na farko ya hau da ita Windows 10 Famille kafin 2023, abin da take bukata ke nan kawai: a cire Professionnel, a maida mata nata.

Makullin jika biyu

Bisa intanet da cikin shaguna ana tallar makulli jika biyu ko ukku. Wanda ya san farashin gaskiya ya san banza ba ta kai zomo kasuwa. Gaskiya ne a watan Yuli 2012 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci, cikin shari'ar UsedSoft da Oracle, cewa ana iya sake saida lasisin manhaja da aka riga aka yi aiki da shi, bisa sharaɗin mai shi na farko ya daina amfani da shi. Amma makulli da yawa na araha ba daga nan suke ba: na sari ne da aka ɓalle daga wata ma'aikata ana saida ma mutum ɗari, ko waɗanda aka ba makarantu da masu rubuta manhaja. Suna buɗewa yau, ranar da aka gano su a toshe, mai saye kuma ba shi da wanda zai riƙe.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ƴan manhajojin fasa ƙofa da masu gyara ke kira kirak. Kafin su yi aiki sai an kashe mai tsaron na'ura, wato an buɗe ma baƙo ƙofar ɗaki an ba shi makullin akwati. A watan Disamba 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya bayyana yadda ake ɓoye wata manhajar sata mai suna Cryptbot cikin jabun KMSPico, tana kwashe kalmomin sirri daga na'urorin mutane. Ɗan kasuwar da ke shiga asusun bankinsa da wannan na'ura, ko sakataren da ke riƙe da jerin albashin ma'aikata, ba nasa kaɗai yake sa wa cikin haɗari ba. Ta fuskar doka ma, Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, kuma yarjejeniyarta ta Bangi tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi.

Tsohuwar na'ura da ranar 14 ga Oktoba 2025

Akwai wata tambaya da ya kamata a yi kafin a kashe kuɗin lasisi: shin na'urar ta cancanci kuɗin? Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi, wanda aka tsara ma masu na'urar gida zuwa 13 ga Oktoba 2026. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 5 ga Oktoba 2021, tana da sharuɗɗa: giga 4 na ƙwaƙwalwa, giga 64 na diski, wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da injin Intel na zubi na 8 ko wanda ya biyo baya, ko makamancinsa na AMD. Duk na'urar da ke ɗauke da takardar Windows 7 ta girme waɗannan sharuɗɗa. Illar zama da manhajar da ba a toshe ramukanta an gan ta a watan Mayu 2017, lokacin da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200.000 a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin Ingila.

Ga irin waɗannan na'urori akwai hanyar da ba ta neman makulli ko kaɗan. Linux, wadda Linus Torvalds ɗan ƙasar Finlan ya faro a 1991, kyauta ce bisa doka. Reshenta Ubuntu ya fito a 2004 ƙarƙashin Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu, kuma tun 2008 jandarmomin Faransa suka fara maida dubban na'urorinsu bisansa. Da LibreOffice ana rubuta wasiƙa, a yi lissafi, a buɗe takardun Word da Excel. Amma ba kowa za ta yi ma ba: wanda lissafinsa ke cikin manhajar da Windows kaɗai ke ɗauka, ko mai na'urar buga takarda da ba ta jituwa da Linux, ya gwada tukuna daga kile USB kafin ya share komai.

Takarda ita ce shaida

Ɗan kasuwa ba ya karɓar mota babu kartigiris, ba ya sauke kaya babu takardar duwan, amma ya kan karɓi kwamfuta da kalmar "an sa mata komai". A biro ma haka: akan yi odar na'urori ashirin, a ƙirga kwalaye, a sa hannu bisa takardar karɓa, babu wanda ya duba ko kuɗin lasisin da aka rubuta cikin faktir lasisi suka saya. Ranar da diski ya mutu ne ake ganewa, a lokacin kuwa mai kawo kaya ya daɗe da cin kuɗinsa.

Gyaran ba shi da tsada. Faktir ta faɗi irin Windows da irin lasisi, da lambar jikin kowace na'ura. Kowane biro da kowane shago ya aje ɗan littafi da aka rubuta waɗannan a ciki, tare da asusun da aka ɗaure lasisin gare shi da wurin da lambobin BitLocker suke. Takardun aiki kuma a riƙa kwafe su kowace Juma'a, a aje kwafin wani ɗaki dabam. Mai gyara na ƙwarai ba zai ji haushin a tambaye shi abin da zai share da abin da zai zuba ba. Wanda ya ji haushi, a ɗauki na'ura a yi gaba.

Ɗan kasuwar nan na Maraɗi zai iya samun lasisinsa cikin awa guda. Sunayen masu bashinsa kuwa, sai abin da ya tuna da abin da masu tsoron Allah suka zo suka faɗa da bakinsu.